Sakan Uku Da Suka Hana Amurkawa Zinare: Wa Ke Da Ikon Gyara Kuskure?

Masu zuwa kallon ƙwallon kwando sun sha ganin alƙalin wasa ya busa usur, ya nufi tebur, ya soke maki. Nan take sai ihu ya tashi, wai an yi coge. Sau da yawa ba coge ba ne, doka ce ta ba shi dama.

Dokar hukumar FIBA ta yarda a gyara wasu kurakurai. Idan aka ba ɗan wasa jifan kyauta, wato jifan da ake yi daga layi ba mai tarewa, alhali bai cancanta ba, sai a soke. Idan aka hana wanda ya cancanta, sai a ba shi, amma in ƙungiyarsa ta riga ta ci kwando da ƙwallon da aka miƙa mata bisa kuskure, maganar ta wuce. Gyaran yana da wa'adi, kuma aikin alƙalai ne.

A nan rigimar Munich ta 1972 take. A wasan ƙarshe na Olamfik, saura sakan 3, aka kayar da Doug Collins na Amurka. Ya tashi ya jefa biyu, duka suka shiga, Amurka 50, Tarayyar Sobiyat 49. Sobiyat suka ce sun nemi a tsaya su yi shawara, ba a ba su ba. Suka sako ƙwallo, sai alƙali Renato Righetto, mutumin Barazil, ya tsai da wasa saura sakan 1.

Sai ga William Jones, babban sakataren FIBA, ya sauko ya ce a mai da agogo sakan 3. To, babba ne, amma dokar ba ta ba shi ta cewa ana cikin wasa ba. Duk da haka aka bi. Aka sake sakowa tun ba a gama saita agogon ba, ƙaho ya yi ƙara, Amurkawa suka hau murna. Aka ce a sake. A karo na uku Ivan Edeshko ya wurgo ƙwallo tun daga wancan ƙarshen, Alexander Belov ya cafe ya zura, 51 da 50.

Amurka, wadda ba a taɓa cin ta a Olamfik ba tun 1936, ta kai ƙara. Kwamitin mutum 5 ya kori ƙarar da ƙuri'a 3 da 2. 'Yan wasanta 12 suka ƙi karɓar lambar azurfa, har yau kuwa ba su karɓa ba.