Inda ake kafa bireka, da abin da ke ƙone taransfoma

Wutar da ke shigowa unguwa a Kano ko Kaduna mataki-mataki take sauka: daga bolt 330,000 a manyan layuka zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin taransfomar bakin titi ta mayar da ita wajen 415, a raba wa gidaje. A kowace gaɓa akwai abin da aka girke don ya katse wuta in matsala ta auku, ko bireka ko fiyus.

Ƙa'ida ita ce a kafa shi ta ɓangaren da wuta ke fitowa, a farkon abin da ake son karewa, domin bireka ba ya ganin abin da ke bayansa. In aka sa shi a ƙarshen kebul, kebul ɗin kuma ya haɗe a tsakiya, wuta za ta yi ta kwarara wurin har sai na can sama ya farga. Shi ya sa taransfomar unguwa ke da kariya biyu: fiyus uku a saman falwaya, waɗanda ke faɗowa su yi reto in sun ƙone, da na akwatin ƙarfen da ke ƙasa, kowane layi da nasa. Ana tsara su ne yadda na kusa da matsalar zai riga yankewa, layi ɗaya ya yi duhu, saura su tsira.

Taransfoma mai kVA 500 tana ba da amfiya kusan 700. In wayoyi suka haɗu dab da ita, abin na iya ninkawa sau 20, zafin da ke cikin wayar kuwa sau 400. Daƙiƙu kaɗan ma sun yi yawa.

Manyan taransfomomin tashoshi irin ta Kumbotso suna da ƙarin na'urar Buchholz, wadda aka ƙirƙiro a Jamus a 1921. Tartsatsi a cikin man taransfoma yana tayar da kumfar gas, ita kuma ta ji, ta yi ƙararrawa, in abin ya yi tsanani ta sa a yanke wuta.

Abin takaici shi ne ɗabi'ar nan ta ɗaura wayar tagulla mai kauri a gurbin fiyus don ya daina "damun" mutane. Wuta kam za ta zauna, amma ranar da iskar damina ta haɗa wayoyi, taransfomar ce za ta ƙone, a koma bi gida-gida ana karo-karon kuɗin gyara.