Taron Masu Sana'ar Fasaha Shi Ma Kasuwa Ne: Nasiha Ga Mutanen Gaya Da Ajingi

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Gaya da Ajingi, da Kademi da Toranke da Balare da sauran kewaye, a wannan fitowa mun ga ya kamata mu tsaya a kan wata magana da ta riga ta shigo gidajenmu. Yaranmu da suka yi boko, musamman waɗanda suka fito daga jami'ar fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, suna zuwa mana da zancen kafa kamfanin fasaha, watau sana'ar da ake gudanarwa da waya da kwamfuta. Suna tafiya birni taro, su dawo suna neman jari a hannunmu. To, 'ya'yan namu ne, kuɗin ma namu ne, saboda haka tilas mu san abin da ake yi a wurin.

A Kano akwai gidajen da aka buɗe domin irin waɗannan yara, kamar Startup Kano da Blue Sapphire Hub, ga kuma cibiyar CITAD wadda ta daɗe tana koyar da aikin kwamfuta. Kasuwar Baje Koli da ƙungiyar KACCIMA ke shiryawa a titin gidan Zoo ita ma mahaɗa ce. Abin da ake yi a taron shi ne, yaro ya miƙe a ba shi 'yan mintoci ya bayyana hajarsa, masu kuɗi da jami'an hukuma suna saurare, su yi masa tambaya, in an tashi a gaisa a karɓi lambar juna. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar hatsi ya gane wannan. Ga mai kaya, ga mai saye, ga dillali a tsakani, a taya, ko a sallama ko a ce albarka. Ladabin kasuwa shi ne ladabin taron, kuma wannan ladabi mu ne muke da shi.

Kada wani ya ce waya ba ta shafi gero da dawa ba. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, wa ke ɗora buhu a mota zuwa Dawanau bai buga ya ji yadda aka kwana ba? Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar shigowar waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sa'an nan kowa na tune da farkon 2023, bayan Babban Banki ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000, yadda tsabar kuɗi ta ɓace, manomi ya kawo wake aka rasa abin ba shi. Wanda ya iya tiransifa ko yake da na'urar POS ya yi ciniki, wanda bai iya ba ya zauna yana kallo.

NASIHA GA YARON DA ZAI JE TARO

Na farko, kada ka je hannu rabbana. Dillali ba ya shiga rumfar Alhaji da baki kawai, sai ya ƙullo samfur a leda. Kai ma ka tafi da abin da ka riga ka gwada, ko da a kan mutum goma ne, ka ce ga shi, masu awo goma a kasuwarmu sun yi wata biyu suna aiki da shi, ga abin da suka ce. Mu tuna buhun nan mai ninki uku na ajiye wake, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007. Abin da ya sa manoma suka karɓe shi, an ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni aka kwance a gabansu, aka ga ƙwaro bai ci ba. Gani ya kori ji.

Na biyu, ka ɗauko damuwar da ke akwai. Namu a bayyane suke. Ga mota ta kai kaya birni ta dawo fanko, kuɗin mai ya hau kan buhu. Ga bashin da ke rubuce a takardar da ruwa ya jiƙa. Ga alat na ƙarya da ake nuna wa mai awo a waya, a kwashi kaya a tafi. Ga kwanon awo da ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, har wanda ya ji farashin kwano a waya ya ɗauka ya samu riba, ashe kwanon can ya fi na nan. Yaron da ya zauna a rumfa damina da kaka ya ga waɗannan da idonsa, ya fi wanda ya kwaikwayo abin da aka yi a Legas ko Nairobi. Kuma ka tuna da yawa daga masu kawo mana hatsi ƙaramar waya ce a hannunsu, wasu ajami suke karantawa. In manhajarka sai da babbar waya da Turanci, to ka rufe wa masu kayan ƙofa. Saƙon murya da Hausa ya fi saurin isa.

Na uku, kada ka ce za ka kori dillali. Mun ji wannan magana a bakin yara da yawa. Dillali shi ya san wanda ke biya da wanda ke gudu, shi ke tsayawa in awo ya rage, la'adarsa kuɗin amana ce. Dubi kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 domin hayar tarakta ta waya. Shi ma sai da ya sa wakilai a karkara masu tattara manoma su haɗa gonaki kafin tarakta ta taso. Wannan wakili ai dillali ne aka canza masa suna.

Na huɗu, riƙe lissafinka a ka. Nawa ka kashe, nawa ya shigo, wa zai biya ka, kuma nawa a kan kowane buhu? Mai kuɗi na iya yafe maka in rigarka ta tsufa, amma in ya tambaye ka uwar kuɗi ka fara in'ina, ciniki ya watse.

Na biyar, gyara takardunka. Ka yi rajista da hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da sunan kamfani, kada kuɗin sana'a ya gauraya da na cefane. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha, hukumar NITDA ke riƙe da ofishinta. Dokar ta tanadi shaida ga kamfanin da ke da rajista, bai wuce shekara 10 ba, kuma 'yan ƙasa da suka kafa shi ke da aƙalla kashi ɗaya bisa uku. Da wannan shaida ake neman sassaucin haraji da tallafin da dokar ta ambata.

Na shida, ribar taro tana zuwa ne bayan an watse. Mutum uku da ka fahimta suka fahimce ka sun fi lamba hamsin a waya. Ka kira cikin mako, ka cika abin da ka ce za ka aiko, kada gaisuwarka ta farko ta zama roƙo. Mu ma ba a ranar da muka haɗu da fatake muke ba su kaya bashi ba.

NASIHA GA MAI SA JARI

Ku kuma iyaye da iyayen gida, mun karanta babin ƙiradi a Risala tun muna zaure. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko, rabi ko sulusi. In an faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Saboda haka duk wanda ya ce kawo dubu ɗari, kowane wata ka karɓi dubu talatin ko an ci ko an faɗi, ku guje shi. Wannan ya saɓa wa shari'a ya kuma saɓa wa hankali. Haka MMM ta yi wa mutane alkawari, a watan Disamba na 2016 ta rufe, kuɗin jama'a ya maƙale.

In kuma hannun jari za a sayar muku, watau ku zama masu kaso a kamfanin kansa, ku tambaya kashi nawa ne naku, su wa ke da sauran, yaya za ku fita in kuna so. A rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to ina dalilin jin kunyar rubutu tsakanin uba da ɗa? Ku sani kuma irin waɗannan kamfanoni da yawa ba sa kai labari, don haka kada a taɓa kuɗin sayen kaka. A ba da abin da in ya tafi rumfa ba za ta rufe ba, a bayar kashi-kashi, in yaro ya nuna aikin kashin farko a ƙara masa na biyu.

A ƙarshe muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyar dillalai na Gaya da Ajingi, su duba yiwuwar kiran irin wannan zama a nan gida, bayan an tashi kasuwa. A gayyato ɗaliban Wudil da yaranmu da ke birni, a shimfiɗa tabarma, masu awo da direbobi da 'yan dako su faɗi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, yaran su saurara, sa'an nan su nuna abin da suka iya. Wanda ya kawo abin kirki ya samu rumfa biyar da za su gwada masa kaka ɗaya, wannan kuwa jari ne da zai shiga da shi kowane taro a Kano ko Abuja kansa a ɗage.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mu da cin haram, Ya shirya mana zuriya. Wassalam.