Ɗalibai a ɗakunan kwana: yadda ake haɗa kwamfuta da intanet ta waya, da kuskuren da ke kashe wa kowa rezo

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, matasa daga Bazaga, Ƙonni, Malbaza da Ilela sukan ɗaure kaya su nufi Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wasu su wuce Maraɗi, wasu kuma Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Iyaye sukan yi lissafin kuɗin mota, na rajista da na abinci. Abin da ba ya shiga lissafin shi ne intanet, alhali yau darussa da yawa ta nan suke zuwa, kuma mai rubuta kundin ƙarshen karatu ba ya da makawa sai da ita. Ɗalibi yakan jona kwamfutarsa da salula, ya wayi gari forfen da ya saya na wata guda ya ƙare, domin kwamfutar ta kwana tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye shi ba. Kuɗin kuwa daga gero ko albasar da aka sayar a gida suka fito.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga aljihu idan an same ta, wato jona kwamfuta da waya kai tsaye. Ba kowane ɗaki ke da ramin wannan waya a bango ba. Wani wuri sai a ɗakin kwamfutoci ko ɗakin karatu, wani wuri kuma ɗalibai ne da ke haya a cikin gari suke haɗa kuɗi su ɗauki layi ɗaya, su ja waya zuwa ɗakunansu. Ko ta wace hanya ce, aikin iri ɗaya ne.

Mai karatu zai ce, ina amfanin waya a zamanin Wi-Fi? Amsar tana cikin ginin kansa. Wi-Fi rediyo ne, kuma bangon siminti mai ƙarfe a ciki yana cinye ƙarfinsa. Ban da haka, duk na'urorin da ke kusa da juna iska ɗaya suke rabawa. A zangon gigahaz 2.4, wanda tsofaffin na'urori suka fi amfani da shi, hanyoyi uku ne kawai ba sa shiga juna, na 1 da na 6 da na 11. To a ɗauka bene guda mai ɗalibai da dama, kowa da salularsa, bayan sallar isha'i. Kamar kasuwar Ƙonni ce ranar cikarta: kowa na magana, ba mai jin wani. Waya kuwa hanyarka ce kai kaɗai daga kwamfuta har zuwa akwatin rarrabawa. Ba za ta ƙara yawan intanet ɗin da aka saya wa ginin ba, amma za ta hana ka asarar rabonka a hanya.

Wannan fasaha sunanta Ethernet, kuma ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Amurka, Robert Metcalfe, shi ya tsara ta a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox. Wayar da ake amfani da ita yau tana da siraran wayoyi takwas a ciki, an murɗa su biyu-biyu don kada wutar da ke kewaye ta dame su. Kanta na roba ne mai haske da ɗan harshe da ke yin ƙas idan ya shiga, ana ce masa RJ45. Ya fi kan wayar tarhon gida faɗi, don haka kada a matsa shi cikin ramin tarho.

Wurin saye ake fara yin asara. A duba jikin wayar, a nemi rubutun Cat5e ko Cat6. Kowace daga cikinsu tana iya ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa har tsawon mita 100, abin da ya wuce haka sai an sa wani akwati a tsakani. A kasuwa akwai mai arha da aka rubuta wa CCA, wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa tagulla a baya. Tana aiki a gajeren zango, amma tana saurin karyewa, kuma a dogon zango takan ba da wahala. Wani abin lura shi ne, gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, na 1000 kuwa sai duka takwas. Shi ya sa wayar da ɓera ya ɗan taɓa, ko wadda ƙofa ta matse, takan ci gaba da aiki amma a hankali, mai ita yana ta zagin kamfani.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu da yawa sun yi sirantar da ba su da ramin RJ45. Maganin wannan ɗan ƙaramin mahaɗi ne da ake sawa a ramin USB. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan an jona kai ɗaya a bango ɗaya a kwamfuta, abin dubawa na farko shi ne ƴar fitilar da ke bakin ramin, a na'urorin da ke da ita. In ta kama, hanya ta buɗe tsakaninka da akwatin rarrabawa. In ba ta kama ba, kada a taɓa saitin kwamfuta tukuna. A ari wayar maƙwabci a gwada, a hura ƙurar da hunturu ya cusa a ramin, in har yanzu shiru, to wataƙila ba a kunna ramin daga can ɗakin na'urori ba. Wannan aikin masu kula da rezo ne. A ɗakunan jami'a, ta hannun hukumar CROU mai kula da kwana da abincin ɗalibai ko sashen kwamfuta na jami'ar ake bi. A rubuta lambar ɗaki da lambar da ke jikin ramin kafin a je, hakan yana rage zirga-zirga.

Fitila ta kama amma shafi ya ƙi buɗewa? Nan ake duba lamba. Kowace kwamfuta da ta shiga rezo sai an ba ta lambar IP, kuma akwai na'urar da ke raba waɗannan lambobi da kanta ta tsarin da ake kira DHCP. A Windows, a buɗe tagar nan baƙa ta hanyar rubuta cmd, sannan a rubuta ipconfig /all. Idan lambar da ta bayyana ta fara da 169.254, ma'anarta kwamfutar ta yi sallama ba wanda ya amsa, sai ta laƙa wa kanta lamba. A irin wannan hali ne kwamfutocinmu masu Faransanci sukan rubuta Réseau non identifié. Sau da yawa kuma laifin daga wanda ya sayar da kwamfutar ne ko tsohon mai ita, ya bar wata lamba da aka sa da hannu. Sai a shiga Paramètres, a shiga Réseau et Internet, a mai da rabon lambar ya zama na kai tsaye.

Wasu jami'o'i ba sa barin kowace na'ura ta shiga sai an yi mata rajista. Abin da suke nema shi ne lambar MAC, haruffa da alƙaluma 12 da masana'anta suka ba katin rezo, kuma tana fitowa a wannan tagar ƙarƙashin Adresse physique. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai lambar katin Wi-Fi maimakon ta waya, domin kowanne da tasa. Mai amfani da mahaɗin USB kuma, lambar mahaɗin ce ake gani, ba ta kwamfutarsa ba. In ya ba aboki aron mahaɗin, duk abin da abokin ya yi da sunansa za a rubuta. Wani wurin kuma shafi ne zai fito ya nemi suna da kalmar sirri.

Yanzu ga babban abin da ya sa aka yi wannan rubutu. Ɗalibi ya samu rami ɗaya, ga shi da salula, ga abokan ɗaki uku, sai ya sayo ƙaramin akwatin Wi-Fi ya jona a bango. Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma akwatin yana da ramuka iri biyu: ɗaya mai suna WAN, galibi da launi daban, sauran kuma LAN. In ya sa wayar bango a ramin LAN, akwatinsa zai fara raba lambobin IP ga duk benen, yana gasa da na'urar hukuma. Wanda ya karɓi lamba daga gare shi zai ga alamar rezo cike, amma ba inda zai je, kamar wanda aka ba tikitin motar da ba ta da direba. Mai akwatin shi kansa sau da yawa bai san shi ne sanadi ba, yana cikin masu ƙorafi. Alamar gane hakan ita ce lambarka ta canja farat ɗaya zuwa wadda ta fara da 192.168 alhali da ba haka take ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a ɗauki waya ɗaya a sa kawunanta biyu a ramuka biyu na bango ko na akwati ɗaya, wai don kada ta yi ta reto. Saƙonni za su yi ta zagaye suna ninkuwa har rezon ya toshe, sai dai in na'urorin ginin suna da kariya daga hakan. Ra'ayina shi ne, duk mai son sa akwatinsa ya fara neman izini, ko da a gidan haya ne, ya tambayi wanda ya ja layin. Ɗaliba ko ɗalibin da zai aika kundinsa ga malami da safe bai kamata ya biya kuɗin gwajin wani ba.

Tunda rezon na taro ne, a zaɓi Réseau public idan Windows ta tambaya, domin kada maƙwabta su ga manyan fayilolinka.

Akwai kuma ranar da laifin ba na waya ba ne, ba na kowa a ginin ba. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta take bi kafin ta kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun shiga matsala lokaci guda. Wuta ma haka. Kwamfuta tana da batir, akwatin rarrabawa kuwa in ba a sa masa na ajiya ba, da NIGELEC ta ɗauke yake mutuwa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta taimaka wa yankin, amma ba ta kawar da ɗaukewar wuta ba, kuma kowa ya tuna watannin da Najeriya ta yanke wa ƙasar wuta daga watan Agusta na 2023. Bayan wuta ta dawo a ba na'urorin ƴan mintoci su tashi kafin a fara cire wayoyi.

Ga masu jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki ta tsakar gida, rana tana busar da robar wayar da ba a yi don waje ba har ta tsattsage, don haka a zura ta cikin bututun roba, a kuma nisanta ta da wayar lantarki. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a cire wayar rezo daga kwamfuta tare da ta caji, domin ƙarfin aradu yana iya bi ta kowace daga cikinsu.