Rigar Ruwa: A Juya Cikinta Kafin A Biya Kuɗi

A Kafanchan da kewayenta ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Ɗan acaɓar da ke jigila zuwa Kagoro da manomin citta a Kwoi ko Kachia duk suna neman abin da zai tare musu ruwa. Da yawa kan nufi masu gwanjo, inda in an kwance dila ake tarar da riguna da wanduna waɗanda aka ɗinka domin masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai da Amurka. Suna da ɗaukar ido, amma ba kowacce ce ta dace da daminarmu ba.

Aiki biyu ake nema daga rigar ruwa: ta hana ruwa shiga, ta kuma bar zufa ta fita. Na farkon an daɗe da gano kansa. Tun 1823 wani ɗan Birtaniya, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu. Rigar leda mai arha ta wannan gidan ta fito: ruwa ba ya ratsa ta, iska ma haka, shi ya sa mai noma a cikinta kan jiƙe sharkaf da zufarsa. Sai a 1969 Bob Gore a Amurka ya gano cewa in aka fizgi wata roba mai zafi da sauri, takan zama siririyar fata mai ƙananan ƙofofi. Ɗigon ruwa ya fi ƙarfin ƙofofin, tururin jiki kuwa yana bi ya fice. Daga nan yadin Gore-Tex ya samo asali, wasu kamfanoni suka biyo da nasu.

Ita wannan fata ba ta jure gurza, don haka hanyoyi uku ake bi a kare ta. Mai ninki biyu, wadda ake rubuta wa 2L, an manna fatar a bayan yadin waje, sannan aka saka shafi mai lilo a ciki, sau da yawa na raga. Tana da taushi, sai dai nauyi da jinkirin bushewa. Mai ninki biyu da rabi, 2.5L, ba ta da shafi, wani fenti ne kawai aka yi wa fatar. Ba nauyi, tana shiga aljihun jaka, amma takan manne wa jiki, kuma ita ce ke saurin ɓarewa. Mai ninki uku, 3L, an haɗe yadin waje da fatar da shafin sun zama falle guda. Ta fi tsada, ta fi ƙarko, ita ce ta mai yini a kan babur.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Tururi yana fita ne idan iskar waje ta fi ta cikin riga sanyi da bushewa. A kan tsaunukan Turai haka abin yake. A malkar Agusta kuwa iskar kanta cike take da laima, komai kyan fatar sai an yi zufa. Saboda haka a nan rigar da ke da zif a hammata ta fi amfani. Mai soso a ciki kuma a ajiye ta sai hunturu, lokacin da sanyin asuba ke saukowa daga duwatsun Kagoro.

A kasuwa, a juya rigar ciki waje. A bi ɗinkin da yatsa, musamman kafaɗa da wuya: rigar kirki akwai siririn tef da aka liƙa a kan kowane ɗinki, domin ramin allura shi ne ƙofar ruwa. In tef ɗin ya fara ɗagowa, ko cikin yana zubar da farin gari, ko yana danƙo da wari, ta gama aiki, komai sheƙin wajenta. A ɗiga mata ruwan leda a hannun riga. In ya dunƙule ya gangara, maganin korar ruwa da aka shafa wa yadin yana nan. Wani lokaci akan ga lamba kamar 5,000mm ko 10,000mm ko 20,000mm, wato tsawon ruwan da yadin zai ɗauka kafin ya yi yoyo. Ɗan acaɓa ya nemi babbar lamba a wando, domin zama a kan jiƙaƙƙen sirdi yana tura ruwa cikin yadi.

Bayan saye, a wanke da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, kada a naɗe ta da danshi, domin laima da zafi ne ke cinye mannin. Mai fita jefi-jefi, 2.5L ta ishe shi. Mai neman abincinsa a cikin ruwa ya daure ya sayi 3L, ko da ta gwanjo ce, muddin tef ɗinta lafiya lau yake.