Riba da Hasarar Riƙe Tsohuwar Ƙaramar Jif

Ƙananan motoci ƙirar jif, irin su Toyota RAV4 da aka fara ƙerawa a 1994 da Honda CR-V ta 1995, sun samu karɓuwa wurin 'yan kasuwar Nijeriya, waɗanda galibi kan saye su tokumbo.

Motocin suna da tsawo daga ƙasa, don haka ramuka da ruwan damina ba su cika tsayar da su ba. Kayan gyaransu na samuwa a kasuwanni irin su Ladipo ta Legas, kuma makanikai sun san injinsu.

Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mai da na kayan gyara ya hauhawa. Tsufa kan taɓa giya da ƙafafu. Waɗanda suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka kan zo da tsatsa, saboda gishirin da ake zubawa a hanya.

Saboda haka ya kamata mai mota ya lissafa kuɗin gyaran shekara da cinikin da ya rasa a kwanakin da ta yi a gareji. Idan jimlar tana ƙaruwa kowace shekara, lokacin sayarwa ya yi.