Salgado mai ɗaukar hoto

An haifi Salgado a ƙasar Birazil a shekara ta 1944. Da farko aikin ofis yake yi. A 1973 ya bar ofis, ya kama ɗaukar hoto. A shekarar nan ya zo Nijar lokacin babban fari, ya ɗauki hotunan mutanen da yunwa ta raba da gidajensu.

Ya daɗe yana bin wuraren yaƙi da yunwa. A 1994 ya ga kisan gillar da aka yi a Ruwanda. Ransa ya ɓaci har ya kamu da ciwo.

Sai ya koma gonar mahaifinsa. Ya tarar an sare kurmin da ya sani yana yaro, ƙasa ta zaizaye. Matarsa Leliya ta ce su dasa itatuwa. Suka dasa fiye da miliyan 2. Ƙoramu suka sake gudana, tsuntsaye suka dawo. Hankalinsa ya kwanta.

Daga 2004 ya juya ga daji. Ya ɗauki hotunan duwatsu, da hamada, da namun dawa. A tsibiran Galafagos, wani babban kunkuru ya riƙa guje masa. Sai da ya durƙusa ya yi rarrafe, sannan kunkurun ya yarda da shi.

Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓen abin da zai nuna. Saboda haka hoto yakan faɗi abin da ke zuciyarsa. Salgado ya rasu a 2025.

Tambaya: Wane itace ko tsuntsu za ku ɗauka hoto a garinku? Don me?