Yadda ake kama furotin da laifin haddasa cuta

A ƙauyukan Rano da Kibiya, idan tunkiya ta soma tangaɗi tana rawar jiki, akan ce guba ta ci ko iska ta taɓa ta, a yi maza a kira mahauci. Ba kasafai ake tambayar abin da ya faru a ƙwaƙwalwarta ba.

A 2018, masu bincike sun tabbatar da wata cutar ƙwaƙwalwa a raƙuman mayankar Wargla ta Aljeriya. Musabbabinta furotin ne na jikin dabbar, wanda ya naɗu a karkace, yake kuma karkatar da 'yan uwansa. Stanley Prusiner ya raɗa wa irinsa suna firayon a 1982, ya samu kyautar Nobel a 1997.

Tun ƙarni na 19, Robert Koch na Jamus ya shimfiɗa sharuɗɗan ɗora wa ƙwayar cuta laifi: a same ta a jikin kowane majinyaci, a ware ta a raine ta, a sanya wa lafiyayye ya kamu, sannan a sake tsamo ta daga jikinsa. Firayon ba ya hayayyafa kamar bakteriya, don haka masana suka gyara ma'aunin. Tilas a samu karkataccen furotin a duk dabbar da ta kamu, a tace shi tas, a gane siffar da ta sa yake yaɗuwa, a kuma fayyace wane jiki ne ke karɓarsa.

Gwaji biyu suka ƙarfafa hujjar. A 1993, ɓerayen da aka cire wa ƙwayar halittar da ke ƙera furotin ɗin sun ƙi kamuwa. A 2010, masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun haɗa firayon a ɗakin gwaji, ya kashe lafiyayyun ɓeraye.

Birtaniya ta gano haukan shanu a 1986, amma sai a 1996 gwamnati ta amsa cewa mai yiwuwa yana kama mutane. Mutum 178 suka mutu a can, kuma dahuwa ba ta lalata firayon.

Tangaɗi kaɗai ba hujja ba ne, sai an gwada ƙwaƙwalwa. Kano na yanka raƙuman da ake shigowa da su ta Nijar, kuma Nijeriya na da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom. Ya kamata matasa su tambayi hukumomi: samfuri nawa mayankunmu suka aika can bara?